Gawayin Gwaggo da Katin Asibiti

Abin da ya fara ɓace mini shi ne sunan shagon da ke kallon tagarmu. Na fi shekara goma ina karanta shi kowace safiya ba da niyya ba, sai ran nan na ɗaga labule na ga jan fenti a kan farin allo, layi a nan, ɗigo a can, ba abin da ya ce mini. Na goge tabarau na sake dubawa. Na ɗauko Alƙur'anina na buɗe, nan ma haka. Baƙaƙen suna nan cif, babu wanda ya gusa, amma sun koma kamar mutanen unguwarku da ka gamu da su a kasuwa, fuska ka sani, suna ya ƙi zuwa. Na zauna a bakin gado ina jiran tsoro ya zo, bai zo ba. A ƙasa mai sayar da gas yana ta ƙwanƙwasa tukunyarsa da ƙarfe, masu mikrobas suna kiran fasinja, surukata tana ce wa yara yalla, yalla, motar makaranta za ta wuce. Ni da na zo Alƙahira karatu da baƙin gashi na maƙale, na ci abinci shekara arba'in da gyaran kurakuran littattafai a wata maɗaba'a, ni da ɗigo ɗaya ba ya wuce ni, sai na tashi na sha shayina.

Na yi mako biyu ban gaya wa kowa ba. Alƙur'ani yana kaina, saboda haka sai in buɗe in yi ta karatu, in juya shafi inda na kintata. Abin da ya tona ni wani ɗalibi ne ɗan wajenmu da ya kawo mini rubutunsa in duba masa, kamar yadda suka saba. Na riƙe kwana uku na mayar masa, na ce babu kuskure. Ɗana Habibu, wanda nake zaune a gidansa a unguwar Madinat Nasr tun rasuwar mahaifiyarsa, yana jin haka ya ajiye cokali. Ya san ubansa bai taɓa ganin takardar da babu kuskure ba, ko ta gayyatar ɗaurin aure ce. Washegari muka tafi asibiti. Aka sa ni cikin wata na'ura mai ƙara, aka ɗauki hoton kaina, sannan likita da Habibu suka koma Turanci a gabana, don sun san in da Larabci ne, ni zan gyara musu. A mota Habibu ya ce mini 'yar jijiya ce ta gaji, magani da hutu, khalas, shi ke nan. Aka ba mu wani ɗan kati na ranar komawa, ya jefa shi cikin ledar magunguna. Bai ma ɓoye shi ba, to don me zai ɓoye wa wanda ba ya karantawa?

Ni kuwa ina so in sani. Ba wai ina tsoro ba ne, na faɗa, tsoron ma nemansa nake ban samu ba. Lissafina ɗaya ne: in ciwon na tafiya ne, ina so in hau jirgi da ƙafata in je gida, a binne ni inda aka binne Inna. In na hutu ne, in huta. Na tambayi Habibu sau biyu, sau biyun ya dubi wayarsa. Ɗaliban da ke zuwa gaishe ni duk an riga an ja musu kunne, da ganin yadda suke yawan murmushi ka sani. Mai gadin gidanmu kuwa, gaskiya girman kai ya hana ni miƙa wa wani ƙato takarda in ce karanta mini.

Tun da ido ya zauna babu aiki, sai kunne ya karɓa. Abin da nake ji kullum da rana shi ne jikata, 'yar shekara shida, wadda aka sa wa sunan Inna, shi ya sa muke ce mata Ummi. Ni tsohuwa nake kiranta, ita kuma ta ce mini Giddo, wato kaka, irin na 'ya'yan Masar. Bana ta fara haɗa baƙi, ba ta barin komai ya wuce: kwalin madara, bayan mota, rigar mai gadi. Su a makarantarsu da waƙa ake yi, da hoton agwagwa da zaki, da wani allon gilashi da ke tafa wa yaro in ya dace. Ba, bi, bu, an wuce wurin. Ban ce ba kyau ba, ta fi ni sauri nesa ba kusa ba. Sai dai in na ji ta tsaya a tsakiyar kalma tana jan numfashi, sai in ga ba ni a hawa na huɗu, ina tsakar gidanmu, ƙafata duk toka.

Mu a zauren Malam da jikinsu muka san haruffa, kamar dabbobin gida. Wannan ba-guje ne, don ya miƙe yana gudu, wancan lam-jaye, ga ɗa-mai-hannu ya ɗaga hannunsa sama. Sai yaro ya gama babbaƙu, wato haruffan tsirara, sannan a sa masa wasali ya shiga farfaru. Kowa da tsinkensa na nuni, kowa da muryarsa, mu arba'in a lokaci ɗaya, har matan da ke daka a maƙwabta sukan daidaita taɓarya da mu. Na tuna ƙamshin tawada, da ƙarar alƙalamin kara a kan allo, da sanyin allon in an wanke an jingine shi a rana. Ni Allah ya ba ni kunne. Abin da aka biya wa na gabana sau biyu, na riga na haɗiye. Sai in ɗora tsinke ina ja, baki yana zuba, Malam ya gyaɗa kai ya ce a wanke. Har aka fara nuna ni ana cewa yaron nan zai yi nisa, ni kuwa ko harafi biyu ban iya ɗaurawa ba.

Wadda ta kama ni Gwaggo ce, yayar babana. Mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, ita ke koya wa matan aure karatu da hantsi. Yanar ido ta fara rufe mata gani, sai abu ya yi girma take gani, amma kunnenta ya fi nawa. Wata rana ina zuba mata karatu ina jiran ta yaba, sai ta kama hannuna ta dangwara tsinken a tsakiyar allo, ta ce mene ne wannan. Na koma sama na faro daga farko. Ta sake dangwarawa, na sake komawa sama. Ta saki hannuna.

“Kai ba karatu kake ba, waƙa kake,” in ji ta.

Ba ta kai ƙarata wurin Malam ba, ba ta kuma taɓa ni ba. Da safe na ga ta ɗauki gawayi ta yi wani rubutu ƙato a jikin bangon ɗakin girki, kowane harafi ya kai tafin hannu. Ta ce wannan ba aya ba ce, Hausa ce, kuma sunan wurin da ta ɓoye mini ƙuli-ƙuli ne. In na karanta in ci, in ban karanta ba tururuwa su ci. Na yi ta kiran sunayen haruffan, ta ce ba sunansu take tambaya ba, muryarsu take so. Na fara cinke, na ce randa, na ce buta, ta ce duk wanda ya yi cinke ƙulinsa ya tashi daga wurin. Dokarta ke nan har kullum: kada ka yi tsalle, taka kowane baƙi sannan ka ɗaga ƙafa, bari bakinka ya gama kafin kunnenka ya sa baki. Kwana biyu ina tsaye a gaban bangon nan, kaji suna wucewa ta tsakanin ƙafafuna. A rana ta uku na ce tu, na ce ru, na ce mi, na maimaita da sauri, sai na ji turmi ya fito daga bakina. Turmin da nake wucewa kullum, wanda ba wanda ya biya mini shi, bango ne ya gaya mini. Na ruga na ture shi, ga ƙuli guda biyu a cikin ganye. Gwaggo tana tsinkar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, “Daidai ne.”

Iyakar yabonta ke nan, ba ta ƙari, amma wallahi ya fi mini ƙulin. Daga nan kullum da sabon rubutu. Faifai, rumbu, bayan kaji, ƙarƙashin tabarmar Inna. Kalma ta zama biyu, biyu ta zama layi, haruffan kuma suna ƙanƙancewa iyakar abin da idonta zai ba ta. Ni dai in gama in juyo in dube ta, ita kuma ta faɗi kalmar nan tata. Da Ummi ta fara karatu sai na tayar da wasan, da biro da 'yar takarda, alewa a madadin ƙuli. Abin mamaki, har bayan ciwon nan hannuna bai manta ba. Ina iya rubuta mata “cikin takalmin babanki” tsaf, amma in na dubi abin da na rubuta ban san shi ba. Sai ta karanta nake tabbatar da na rubuta daidai.

Babana ban san shi sosai ba. Ina ɗan shekara huɗu ya kama hanyar Makka ta ƙasa, ya tsaya a Sudan yana cirar auduga don ya ƙara guzuri. Abin da na riƙe nasa shi ne tarinsa na asuba da wata jar hula. Inna ba ta maganarsa, sai dai duk sallamar da aka yi a zaure takan tsayar da abin da take yi. Ranar da takardar ta zo damina ce, da hantsi, maza duk suna gona har da Malam. Wani direban babbar mota ya yi sallama ya miƙo ta, ya ce shi ma a hanya aka ba shi, daga gabas take, bai san abin da ke ciki ba. Inna tana tankaɗe ta miƙe da gari a hannu. Gwaggo ta warware takardar, ta kai ta hanci, ta juya ta wajen rana, rubutun ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Ta ce a jira Malam. Inna, wadda kunya ba ta barinta ta kama sunana don ni ne ɗan fari, ta dubi ƙasa ta ce, yaron nan fa, ba an ce ya iya ba? Ta ɗauka ranar dawowa ce a ciki.

Aka ba ni. Ban taɓa riƙe takarda ba sai ran nan, na tsuguna na ɗauki tsinken tsintsiya. Gaisuwar kawai ta ci ni lokaci, gumi yana ɗiga, amma ina takawa ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mini. Na zo kan sunan babana na fitar da shi, na ji daɗi ƙwarai, Inna ma ta matso. Sai Allah, wannan na san shi. Ya yi, masa. Sannan wata kalma mai gaɓa uku. Na ce ra, na ce su, na ce wa. Na haɗa ta tsaf, ba tuntuɓe, da ƙarfi, na ɗago kai ina murmushi ina kallon Gwaggo.

Ba ta ce daidai ne ba. Inna ta koma ta zauna, ta ɗauki rariya ta ci gaba da kaɗawa, alhali babu gari a ciki. Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Gwaggo ta zare takardar daga hannuna ta ninke ta, ta ce a jira Malam, yaro ne. Daga hantsi zuwa azahar ina bayan rumbu ina roƙon Allah ya sa kuskure na yi, ya sa na ɗora wasali inda ba wurinsa ba. Ban taɓa son in zama daƙiƙi ba sai ran nan. Malam ya dawo da laka a ƙafa, ya karanta da numfashi ɗaya, abin da na faɗa shi ya faɗa. Sai a sannan kuka ya tashi, gida ya cika, aka yi ta shiga ana fita, ba wanda ya dube ni.

Gwaggo ba ta sake rubutu a bango ba. Na ƙarshen da ta yi ya zauna har ruwa ya wanke shi. Yau na san ƙaninta ta rasa, ba ta da bakin yabon kowa, ban riƙe ta ba. Amma yaro ba ya lissafi haka. Ni abin da na gani shi ne na karanta, uwata ta zauna, aka daina yi mini magana, saboda haka na daɗe ina ganin da bakina na yi shi. Ban gaya wa kowa ba, har matata ta rasu ba ta ji wannan ba. Na girma na zama mutumin da in an miƙa masa takarda, kuskure yake fara nema, kuma in ya samu sai ya ji sanyi a ransa.

Katin asibitin, da na zaro daga ledar magunguna, ya kwana uku a aljihuna. Na san abin da nake shirin yi, kada wani ya ce tsufa ne ko ruɗewa. Na san shi sarai, na fi kowa saninsa a duniya, kuma na ji kunyarsa. Ran nan bayan la'asar Habibu yana wurin aiki a Giza, surukata ta sauka sayen burodi, Ummi ta shigo da kayan makaranta a jikinta, ta tsaya a gabana ta miƙo hannu.

“Giddo, ina takardar yau?”

Na ce tsohuwa ba ta gaisuwa sai roƙo? Ta gaishe ni a tsaye, hannun yana miƙe. Wadda na rubuta mata tana aljihun dama, katin yana na hagu. Na sa hannu a hagu.

Ta ce wannan ai ba rubutuna ba ne, na ce yau ta manya ce, mu ga ko ta isa. Ta hau gefen kujerata ta ɗora yatsa a layin sama. Kalmar farko ba ta ba ta wuya ba, iyada, ta ce wannan ai wurin likita ne, ta sani. Ta biyun ce ta tsayar da ita. Ta ja numfashin nan nata, ta ce al, ta ce au, ta koma baya. Tun daga nan na riga na gane, shekara arba'in ba wasa ba ne. Ina iya karɓe katin a lokacin, in ce ya isa. Ban karɓa ba, ina ganin wanda ya taka rabin kalma gara a bar shi ya sauka da ƙafarsa. Ta ce ra, ta rufe leɓe ta ce m. Auram. Ɗakin masu ƙari ke nan, masu ciwon daji, ciwon da mutanen garin nan ba sa son kiran sunansa.

Na saurari cikina in ji abin da zai motsa. Shiru. Mai gas yana ta ƙwanƙwasawa a ƙasa. Abin da kawai na ji shi ne tunanin jirgi, da ko fasfona yana da sauran kwana. Sai na ga ta ɗago kai, yatsan yana nan a kan katin, bakinta a ɗan buɗe, tana kallona tana jira. Na san wannan kallon. Shi ne abu ɗaya da ya shige ni a duk watannin nan, har sai da na riƙe hannun kujera.

“Daidai ne, Ummi,” na ce. “Daidai ne. Ko baƙi ɗaya ba ki tsallake ba.”

Na yi mata dariya har haƙora, na tafa mata kamar allon gilashinsu, na ce wallahi tsohuwar nan ta fi malamarsu. Ta yi tsalle ta sauka tana juyi, sannan ta tsaya ta ɓata fuska, ta ce to ina ne auram ɗin, ita ba ta san shi a gidan nan ba, a can na ɓoye alewar? Na ce a'a, wannan wurin nawa ne, tata yau tana aljihuna. Na ba ta guda biyu.

Da Habibu ya dawo na ajiye katin a gabansa, na ce ya nemo mini tikiti kafin sanyi ya shigo. Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya tambaye ni wa ya karanta mini. Na ce wanda ya iya. Ya juya wajen ɗakin yara, inda muke jiyo ta tana karanta wa ƙaninta kwalin sabulu, ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi. Na ce laifin nawa ne, in faɗa zai yi ga ni, amma ita kada ya canza mata fuska ko na minti ɗaya, kuma gobe da safe ya karɓi aikin, ga biro ga takarda, alewar tana cikin hulata ta Juma'a. Ya sunkuyar da kai yana kuka, ni kuma na zauna ina kallonsa, ina jiran nawa.

Wata rana za ta gamu da kalmar nan a jikin wani gini, ta girma, ta san ma'anarta, ta tuna inda ta fara karanta ta. Wannan ba yadda zan yi da shi, na riga na ɗora mata. Iyakar abin da na iya shi ne in ta waiwayo ta tarar da ni ina dariya, ina ce mata daidai ne. Saura kwana tara mu tashi. Jiya ta kawo mini wata takarda da ta rubuta da kanta, ta ce ta ɓoye mini abu, in karanta in ci. Na riƙe ta na juya ta wajen taga, na ce idon Giddo ya gaji, ta taimaka mini. Ta kama yatsana ta ɗora a kan harafin farko, ta ce in bi a hankali, ban da cinke.